Zuwa ga Bazazzagin da Ke Neman Hayar Baki

Abokin wasana, ɗan Zage-zagi, ina gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa yaronsa: a tsaye, a gurguje.

Labari ya iso mu a Kano cewa ka buɗe gareji kusa da Kwangila. Ka kafa rumfa, ka haƙa rami, ka sayo jak da akwatin sifanu sababbi fil. Allah ya sanya alheri, ya kawo kasuwa. Na yi murna ƙwarai, domin ba kullum ake samun Bazazzagi ya ajiye biro ya ɗauki abin da zai ɓata masa hannu ba. Sai dai murnar ba ta gama sauka ba aka ƙaro mini da cewa, tun sifanun ba su sha baƙin mai ba, har ka fara zama da wasu samari masu rataye da kwamfuta, waɗanda suka ce ka sakar musu tallar garejin gaba ɗaya, kai dai ka riƙa biya a ƙarshen wata. Wai ka rasa tudun dafawa, shi ne ka aiko ta bayan gida a jiyo maka ra'ayina, amma kada a ce kai ne ka tambaya. To an ce. Ga amsa kuma a jarida, yadda duk Zariya za ta san wa ya durƙusa wa wa.

Ban yi mamaki ba, neman wanda zai yi muku magana gadonku ne. Kuna tinƙaho da cewa a garinku aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, kuma haka ne, babu mai ƙwace muku. Amma wa ya riƙe alƙalamin? Abubakar Imam, haifaffen Kagara, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, shi Rupert East ya jawo ya zaunar a kujerar edita. Kwalejin Barewa da kuke ɗaga hanci da ita, a Katsina aka kafa ta a 1921, ta ya da zango a Kaduna, sai a 1949 ta sauka a wurinku. Ku dai a ba ku fili ku share, wasu su zo su yi abin, a ce na Zariya ne. Sai dai shi Imam tattara komatsansa ya yi ya tare, ya sha ruwan Kubanni, ya san masu karanta shi. Samarin naka an ce ofishinsu a cikin waya yake, ɗaya na Kaduna ɗaya na Abuja, kuma in ka ajiye musu filogi da injekta a faranti ba za su nuna maka wanne ne wanne ba.

Na san abin da za ka ce, tun da bakinku ba ya mutuwa: a rabon da aka yi wa 'ya'yan Bawo, Katsina da Daura aka ba kasuwa, mu Kanawa rini aka ba mu. Na ji. Sai ka zo Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ka ga wanda kasuwar ta zaɓa da kanta. Abin da aka ba ku a wancan rabo kuwa ba zan faɗa ba, albarkacin zumunci.

Kafin mu kai ga samarin, a fara da sunan garejin. An karanto mini shi ta waya, sai da mai karantawar ya tsaya ya numfasa a tsakiya. Sunan kakanka na ciki, sunan unguwarku na ciki, ga addu'a, ga Turanci guda uku a wutsiya. Ku dama haka kuke, suna ɗaya sai ya cinye layi guda. Mutumin da motarsa ta mace a titi, in ya tsayar da ɗan acaɓa yana neman bakanike, kalma biyu yake son ji: garejin wane. Ko ka so ko ka ƙi, da sunan da direbobi suka raɗa maka za a san ka, don haka ka riga su. Zaɓi gajere, wanda zai shiga allo da manyan baƙaƙe a hango shi daga cikin mota mai gudu. Wannan shawarar kyauta ce, ka ga har ka fara cin riba a kaina.

Yanzu ga hajar da suka kawo maka. An ce sun yi alkawarin dubban mabiya a Facebook da Instagram da TikTok, da bidiyo mai kiɗa, da rahoto duk wata mai zanen layuka masu hawa sama. Na tabbata rahoton ne ya tafi da imaninka. Bazazzagi in ya ga takarda mai jadawali, ko ta kuɗin wuta ce sai ya gyara zama. To tambayi kanka: shi mabiyin yana da mota? In yana da ita, a ina take kwana? Mai shagon atamfa yana iya ɗaure haja ya ba direba ya kai Maiduguri, kai kuwa hajarka a cikin rami take, ba ta tafiya. Motar da ke tari, iyakarta inda za ta iya rarrafawa, ko inda mai ita zai iya biyan kuɗin janwe. Kasuwarka ita ce Sabon Gari da Samaru da Hanwa da Palladan da Tudun Wada da cikin birni, sai matafiyan da tsautsayi ya ritsa da su a hanya. Yaron da ya danna maka alamar so daga Legas ko Jidda, Allah ya saka masa, amma ko noti ba za ka taɓa ɗaure masa ba.

Sannan kuɗin kashi biyu ne, kuma a nan ake yi wa masu dogon Turanci irinku sakiyar da ba ruwa. Akwai ladan su samarin, akwai kuma abin da ake zuba wa Facebook ɗin kansa don ya tura tallar gaban mutane, wanda tun Janairun 2022 ake ɗora masa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a Nijeriya. In suka dunƙule maka su wuri ɗaya suka ce kawo kaza, ba za ka taɓa sanin nawa ya tafi talla nawa ya tafi tsire ba. Ka ce su raba, su nuna maka rasit ɗin da kamfanin ke bayarwa, su kuma buɗe shafin ka ga da idonka wane yanki aka saita wa tallar. Ana iya dasa alama a kan garejinka a ce mutanen da ke cikin 'yan kilomitoci kaɗan kawai za a nuna wa. In ba su yi haka ba, ko dai ba su iya ba, ko sun fi son yawan masu kallo don rahoton ya yi kyau.

Ɗauko biro, nan fagenka ne. A ce, misali kawai, ladansu da kuɗin tallar sun tashi naira dubu 150 a wata. A ce kuma abin da ke rage maka a kan kowace mota, bayan ka cire kayan gyara da sallamar yara da man janareta, dubu 5 ne. Mota 30 ke nan, sababbi, waɗanda ba don tallar ba da ba su zo ba, kafin ka dawo inda ka tashi. Mota guda kullum har da Juma'a, kuma duk wannan wahalar samarin kake yi wa. Goge lambobina ka sa naka na gaskiya, amma ka yi lissafin kafin ka sa hannu. A Kano yaro mai tallar rake a ka yake yin irinsa.

Ba da talla ga wani tsohon abu ne a wurinmu. Matan aure a cikin gida sun daɗe suna yi: ita ta soya ƙosai, yarinya ta ɗauki tire ta zaga unguwa. Amma ka lura da tsarin iyayenmu mata. Ba ta miƙa tire sai ta ƙirga ƙosan ɗaya bayan ɗaya. In yarinya ta dawo, ko kuɗi ko ƙosai, ba a karɓar labarin cewa mutane da yawa sun leƙa tiren sun yaba. Kuma ba ta taɓa ba 'yar talla kaskon, balle sirrin ƙullun. Kai kana shirin miƙa tire da kasko da makullin ɗaki, a dawo maka da labarin masu leƙe. Naka ƙirgen mai sauƙi ne. Littafi ɗaya a kan tebur, duk wanda ya shigo da mota a tambaye shi, "Ranka ya daɗe, wa ya kwatanta maka nan?" a rubuta. Bayan wata uku littafin zai gaya maka wanda ya cancanci ladan talla, kuma ina kyautata zaton mai facin bakin titi zai fi samarin yawan layi.

Mu zo kan abin da ba ka son ji. Mutanen ƙasar nan sun san inda kanikawa suke sarai, tsoronsu suke ji. Duk mai mota yana da tabo. An ce masa "zo gobe" har goben ta yi jika. An cire masa famfon mai na asali, an sa masa jabu, an karɓi kuɗin gangariya. Ya kai mota da ciwo ɗaya ta dawo da uku. Ya bar ta da rabin tanki ya tarar da allura ta kwanta, aka ce wai gwaji aka je, alhali an gan ta wurin ɗaurin aure a Giwa da yara takwas a ciki. Da wannan tsoron kwastoma yake shigowa garejinka, yana gaishe ka yana ƙirga tayoyinsa, kuma bidiyo mai kiɗa ba ya cire masa shi.

Ga zamanin da ka buɗe a ciki. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta tsallake 1,000. Mai mota ya zama ɗan lissafi. Wasu sun jingine tasu sun koma a-daidaita-sahu, masu hawa kuma idonsu ya fi zama a kan allura fiye da kan titi. Sauya mota ya gagara saboda tsadar dala, tsohuwar ake ta lallaɓawa. Wannan kasuwa ce gare ka in ka iya. Mutumin da ka taɓa wa mota ta rage shan mai zai yi maka shela a ƙofar masallaci da majalisa da wurin aiki, ba ka ba shi ko sisi ba.

Abubuwan da ke jawo wannan shelar ƙanana ne, kuma duk a hannunka suke. Ka faɗi kuɗi kafin ka kwance noti. In ka buɗe ka tarar da wata ɓarnar, ka dakata, ka ɗauki hoto ka tura masa ta WhatsApp, ka jira ya ce a yi. Abin da ka cire ka zuba masa a leda ka sa a but, ko da ba zai yi komai da shi ba. Ka ɗauki hoton allurar mai da lambar kilomita a gabansa ran da ya kawo ta. In kayan ɗan Beljiyam ne ka ce ɗan Beljiyam ne, in sabo ne na China ka ce na China ne, ka bar shi ya zaɓi daidai aljihunsa. In ka ce Laraba, ta zama Laraba. In ba za ta yiwu ba, kai ka kira shi tun Talata, kada ka bari ya biya kuɗin acaɓa ya zo ya tarar da injinsa a ƙasa kai kana karanta jarida. Ka rubuta ranar da ka yi masa juyen mai, in lokaci ya kusa ka tuna masa. Gaya mini, a cikin waɗannan wanne ne yaron da ke Abuja zai yi maka?

Har amsa waya suka ce za su ɗauke maka, ko? A nan ne na yi dariya sai da na ƙware. Ɗauka mutum ne a Tashar Yari da magariba, lagireto na tafasa, iyali na cikin mota, ya kira lambar da ya gani. Muryar da yake son ji ita ce ta wanda zai ce masa, "Kashe ta. Kada ka buɗe murfin yanzu, zai ƙona ka. Leƙa ƙasa, ruwa na zuba? Fankar na juyawa kafin ka kashe? To tsaya nan, ga yaro nan tafe." Wanda ya ji haka ya zama naka, shi da ƙannensa da surukansa. In kuwa saƙo ya samu mai cewa an gode da tuntuɓa, za a waiwaye shi nan ba da jimawa ba, to sunanka zai shiga bakin duniya, amma ta ƙofar da ba ka so.

Garinku, in ban da ku kuna ciki, gari ne mai albarkar motoci. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara malamai da ma'aikata, ga Samaru ga Kongo. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar fasahar sufuri ta NITT, ga barikin soja, ga Nuhu Bamalli. Duk masu albashi ne, masu Corolla da Accord da Camry 'yan Kwatano, kuma mutane ne da ke yini ofis ɗaya suna hira. Malami ɗaya in ya yarda da kai, sashensu duka ya yarda. In ka cuce shi kuma zai rubuto maka takarda mai shafi goma sha biyu da kwafi zuwa hukuma, ka san halinku. Irin waɗannan da ƙafa ake kamo su. A wanke hannu, a sa riga mai tsabta, a je a gaishe su, a ga shugabannin ƙungiyoyin adashen ma'aikata a ce ga rangwame ga 'yan ƙungiya.

Cikinsu akwai waɗanda kanikawa suka daɗe suna yi wa riƙon sakainar kashi: mata masu mota, malamai da ma'aikatan asibiti. Da yawansu ƙane ko direba suke aikawa, don ba sa son tsayuwa a rana a tsakiyar ƙarti ana yi musu bayanin raini. Benci a inuwa, buta da tabarmar salla mai tsabta, yaran da aka koya wa gaisuwa, da bayani dalla-dalla na abin da ya samu motar. Ka yi wa Hajiya ɗaya haka, kafin la'asar lambarka ta zaga zaurukan WhatsApp ɗin da samarinka ba su da hanyar shiga.

Sai tasha. Direbobin Sharon da Golf da ke kai-komo tsakanin Kano da Zariya da Kaduna, cinikinsu tsanani, ga cin bashi, amma motarsu kullum tana son hannu, bakinsu kuma ba ya hutawa daga lodi har sauke. Ba sa yarda da bakanike sai sun gwada shi, in sun yarda kuwa har fasinja sai ya ji sunanka. Je ka gai da shugabannin ƙungiyar direbobi. Ka yi rajista da ƙungiyar kanikawa ta NATA, kada a ce baƙo ya kafa rumfa bai yi sallama ba. Ka san mai faci da mai wankin mota da mai janwe, da masu kayan gyara na Sabon Gari, da mai wayarin da fanel-bitan da ba ka da su a rumfarka. Kai ka tura musu, su su turo maka.

Akwai kuma mutum guda da samarin ba su san da zamansa ba, alhali shi ke yanke hukuncin inda motar Alhaji za ta kwana: direban Alhaji. Wani zai zo maka da fara'a, ya ce a ɗan ƙara wani abu a kan rasit a raba. Na san mu ake yi wa sharrin son kuɗi, to ji daga bakin Bakano: kada ka fara. Ran da Alhaji ya gano, direban zai ce kai ka koya masa, kuma Alhazai ma suna da majalisa. Ka saya masa abinci, ka ba shi na goro a fili in ka ga dama, rasit dai ya faɗi gaskiya.

Kada ka tafi kana cewa na ce a kori samarin da sanda. Akwai aikin da ya fi ƙarfinka, na ga hotunan da kake ɗauka: rabi babban yatsanka, rabi sararin samaniya. Allo mai kyau, mai rubutu zai yi shi. Sa garejin a taswirar Google, yadda baƙon da ya taso daga Abuja zai nemi bakanike a wayarsa ya gan ka da lamba da lokacin buɗewa, wannan rajistar kyauta ce. In wani ya yi maka, ladan aikin za ka ba shi, ba albashi ba. Ka kuma riƙa roƙon waɗanda suka ji daɗin aikinka su rubuta shaida a wurin. Gajerun bidiyo ma suna da amfani, in kai ne a ciki kana bayani da bakinka. Iyayen gidanku a sana'a sun taso ne a kan Fijo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, motar da ake gane ciwonta da kunne. Motocin yanzu kwamfuta gare su. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa ta bai-ɗaya da ake soka na'ura ta karanto laifin, kuma da yawa cikin waɗanda ke yawo a titunanmu daga can suka fito. An ce ka sayi na'urar. To nuna ta mana. Bidiyon minti ɗaya kana bayyana abin da ke sa fitilar injin ta kama, da dalilin da ya sa in an goge ta kawai take dawowa, ya fi hoto ɗari na mota mai sheƙi da aka kwaso a intanet. Yaro ya riƙe kyamara, ya yanke, ya sa rubutu, ka biya shi. Sai dai don Allah a nemo Bakano ya duba rubutun, kada a fito da "mota ya lalace, kawo shi", a ja mana abin kunya har Sakkwato.

In aljihu ya yi nauyi nan gaba, sanarwa a gidan rediyon gari ma ba asara ba ce, tun da masu mota a cikin motar suke saurare. Ka dai sani cewa tun 2022 akwai hukumar ARCON da ta gaji APCON, wadda doka ta ba ikon tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet. Duk mai karɓar kuɗinka da sunan ƙwararre ya kamata ya san da ita. Jefa wa samarin sunan a tsakiyar hira ka ga wanda zai fara inda-inda.

In ka ɗauke su, ga sharuɗɗa, ka rubuta tun da rubutu ne abincinku. Da sunanka za a buɗe shafin, da imel ɗinka, da lambar wayarka. Kai ne mai makulli, su baƙi ne da ka ba izinin shiga, ran da kuka ɓata ka rufe. An sha ganin mai sana'a ya rabu da mai yi masa talla, ya wayi gari shafin da ya daɗe yana ciyarwa ya bi wancan da mabiyansa duka, taswira ma tana nuna lambar wani. Lambobin kwastomominka amana ce, ba sa fita daga littafinka. Biya ya zama aiki-aiki. In sun nace sai wata-wata, to wata uku na gwaji, kada ka yarda da yarjejeniyar shekara. Kuma ba a sakin komai sai ka gani, domin su ba su san abin kunya a sana'ar ba. Za su rubuta cewa ka ƙware a kowace irin mota, ran nan a jawo maka Marsandi ta zamani ka tsaya kana sosa ƙeya a gaban mai ita.

Ni faɗuwar tallar ma ba ta dame ni kamar kamawarta ba. Rami ɗaya gare ka, yara biyu, ɗayan bai gama bambance sifana goma da sha biyu ba. A ce ta kama, motoci suka cika filin a mako ɗaya. Za ka karɓa duka, don ba a mayar da arziki. Sai "zo gobe" ta dawo, sai gaggawa, sai a manta ba a ɗaure notin taya ba. Ka biya kuɗi ke nan don mutane da yawa su san aibinka da wuri. Sabon gareji yana bukatar watannin farko su zo a hankali, yadda kuskuren da ba makawa sai an yi shi zai faɗa kan mutum ɗaya da za ka iya bi har gida ka ba haƙuri ka gyara.

An kuma ce uwargida ta kawo shawarar a ba ɗan yayarka da ke karatu a Samaru aikin tallar, tun da kullum kansa na cikin waya. Ta fi ka hankali, a bincika, ba za a rasa Bakano a kakanninta ba. Yaron yana gari, zai iya zuwa ya ɗauki aikin gaske da baƙin mansa. Amma ka yanka masa lada ka biya, kada ka ce ai ɗa ne, aikin kyauta ranar jarrabawa yake mutuwa. Ka kuma tuna kamfani da saƙo ɗaya ake sallamarsa, ɗan yaya kuwa sai an yi taron dangi.

To ga hukuncina, tun da ka tambaya ba ka tambaya ba. Wata shidan farko ka riƙe bakinka da wayarka a hannunka, ka yi yawon gaisuwa da ƙafarka. Kuɗin da ka ware wa samarin ka raba shi: allo, taswira, 'yan bidiyo, benci, sauran ka ƙara kayan aiki. In littafin ya yi kauri, ramin ya zama biyu, yaran sun san hannunsu, sannan ka ga ana yini akwai fili babu mota, to ka kira su ku yi ciniki. A lokacin kana da abin nunawa, kuma ka san nawa za ka iya kashewa a kan kowace sabuwar mota ba ka kwana da yunwa ba.

Kayan gyaran kuwa na san inda za ka ƙare: Ƙofar Ruwa. Duk Bazazzagin da ya ce Sabon Gari ta ishe shi, a motar asuba muke ganinsa ya sauka a Unguwa Uku yana waige-waige kada a gane shi. In ka shigo ka neme ni in raka ka, don in suka ji wannan Hausar taka kuɗin gaskit sai ya ninka. La'adata ba yawa. Ka haɗo da kuɗin sharar bara da na bana da ka maƙale. Sannan motata tana wata ƙara a gaba ta hagu in na taka birki, zan aiko da ita ranar Asabar. Kai za ka duba da hannunka, ba yaron nan na sifana goma ba, kuma na riga na ɗauki hoton allurar mai.